Sabarar Gwaggo Tasalla

A duk faɗin ƙasar Babura ban san wani mahaluƙi da ya taɓa yi wa sabara shinge ba sai ƙanwar mahaifina, Gwaggo Tasalla. Sabara fa nake faɗa, wannan da take fitowa a kowace gona ba tare da an gayyace ta ba, wadda manoma suke sarewa kafin damina su tara su cinna mata wuta. Ita kuwa Gwaggo ta kewaye tata da ƙaya, ta yi mata ƙofa da ƙyauren langa-langa, tana shiga tana fita kamar mai lambun albasa. Mutanen ƙauyenmu, nan gefen Kanya Babba, sun yi dariya har sun gaji. Wasu suka ce taɓuwa ce, wasu suka ce taurin kai ne. Na biyun su suka faɗi gaskiya, kuma ni Mas'uda a wurinta na ɗauko nawa, don haka kada wani ya sa ran zan ba da labarin nan da sanyin murya.

Gonar ma ba ita ta zaɓa ba. Da kakanmu ya rasu aka zo rabon gado, fadama ta faɗa hannun maza, wato mahaifina Malam Muhammadu Lawal da ƙannensa, ita kuma aka yanka mata wata 'yar gayauna a kan jigawa, rairayi zalla. In ka shuka gero a wurin da ƙyar yake kai ƙugu. Ba wanda zai ce an ci haƙƙinta, don da igiya aka auna, malam kuma ya zauna ya raba yadda shari'a ta ce. Sai dai kowa ya san irin ƙasar da ta faɗo a igiyar kowa. Ta je ta tsaya a tsakiyar rabonta, ta duba gabas ta duba yamma, babu komai sai sabara. Ta dawo ta gaya wa Baba cewa tunda sabara aka ba ta, to sabara za ta riƙe. A lokacin fushi ne kawai yake magana, ita kanta ba ta san za a zo inda aka zo ba.

Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba. Aurenta biyu ya mutu a kan haka, na ukun ne ya zauna, da Malam Sama'ilu mai awon hatsi a kasuwar Babura, mutumin da ko katanga ta faɗo masa abin da zai ce shi ne Allah ya kyauta. Amma duk matar da ta sauka a unguwarmu, kafin a gama gyara ɗaki za ka hango Gwaggo tafe da dami a ka. A wajenmu da ganyen sabara ake wankan jego. A tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganyen, mai jego ta riƙa fyaɗa shi a jikinta safe da yamma har kwana arba'in. Mutanen birni da darbejiya suke yi, mu kuwa tsofaffinmu ba su ɗauki darbejiya a bakin komai ba. Ba a aika wa Gwaggo, ba a roƙonta, da kanta take zuwa. Ta san watan kowace mai ciki a unguwar fiye da mijin matar.

Ni kuma aure ya kai ni Kazaure, a can na koyi kwalliyar wurin biki. Da furen roba na fara kamar kowa, a wanke shi bayan biki a adana a sake fito da shi mako mai zuwa. Daga baya 'yan matan manyan gidaje suka fara cewa su na gaske suke so, mai ƙamshi, irin wanda suke gani a waya. Sai na riƙa sawa ana kawo min furen wardi daga Jos, ya biyo ta Kano, ya iso min a kwali. Furen yakan jure in an yi masa hidima. Ciwon kan yana wajen ganyen da ake cusawa a tsakanin furanni don dami ya cika ya yi kyan gani. Koren ganyen Jos bai san ranar Kazaure ba. Ki jera shi da hantsi, kafin la'asar ya yi laushi ya sunkuyar da kai, amarya ko fitowa ba ta yi ba. Wallahi na sha zubar da hawaye a bayan ɗakin taro saboda ganye.

A haihuwata ta biyu Gwaggo ta zo Kazaure da daminta. Ina jego amma ban daina karɓar aiki ba, saboda haka akwai bokitin wardi a inuwar tsakar gida. Ta rage wasu rassa da ba ta sa a tukunya ba, ta tsoma su a bokitin don kada su bushe. Da na fito daga ɗaki na gan su sai na tsaya cak. Ga jan fure, ga ganye fari-fari a bayansa kamar an shafa masa azurfa. Sabarar da nake takawa tun ina yarinya, ashe ban taɓa kallonta ba sai ran nan. Kwana biyar rassan nan suna cikin bokiti, wardi ya gaji ya zube, su ko gezau ba su yi ba.

Na gaya mata abin da ke raina ina jiran ta yi min dariya. Ba ta yi ba. Ta ɗauki reshe ɗaya ta juya shi, ta tambaye ni tsawon da nake so, da kaurin da nake so, da ranar da ake bikin. Shi ke nan, ta koma gida ta fara saran ƙaya.

Shekara biyu ta yi tana koyon abin da babu mai koya mata. Ta gano cewa tsohon reshe ba ya yin fari, sabon toho ne yake da wannan gashi-gashin mai ƙyalli. Ta gano in aka sare sabara iya gwiwa, ba ƙasa-ƙasa yadda manoma suke yi ba, sai ta fitar da rassa dogaye miƙaƙƙu waɗanda za su tsaya a tulun fure ba su karkace ba. Ta raba gayaunar gida huɗu, tana sare ɗaya tana barin uku, don kada a rasa toho ko da tsakiyar rani. Yanka kuwa sai da sanyin safiya, kafin rana ta taɓa ganyen. Ta zage ganyen ƙasa-ƙasa, ta jefar da duk reshen da ƙwaro ya yi wa ƙululu, ta tsoma sauran a randa su sha ruwa su ƙoshi, sannan ta naɗe su a jiƙaƙƙen buhu ta ba direban motar da ke bi ta Yankwashi. In direba ya kuskura ya ɗora buhun masara a kan kayanta, to ranar fasinjoji sun samu abin saurare har Kazaure. A bayan ɗakinta kuma, inda ruwan alwala yake zuba, ta dasa tazargade, shi ma fari ne mai laushi, don ƙaramin damin da amarya take riƙewa a hannu.

Baba bai taɓa yarda da wannan noma ba. Duk shekara in lokacin sharar gona ya zo sai ya je ya same ta, ya ce ta bari ya sa yara su share wurin a shuka mata riɗi, ta daina mai da gidanmu abin nuni. Ita kuma duk shekara amsarta ɗaya ce, riɗi yana nan a gonarsa, in yana marmarinsa ya je can ya kalla. Yakan girgiza kai ya tafi. Wa ne shi, ƙanwa ce ita, kuma tana rusunawa ta gaishe shi kamar kowa, amma in aka zo kan gayaunar nan ba ta san wa ba.

Yanzu ga nawa laifin, ba zan ɓoye shi ba. Shekara uku ina sa ganyen nan a bukukuwan Kazaure, har Roni da Gwiwa ana kirana saboda shi, amma ban taɓa faɗin sunansa ba. In an tambaye ni sai in ce daga Jos yake, tare da furen yake zuwa. 'Yan matan ba su san sabara ba. Iyayensu mata kuwa, ko da wasu sun san ta, ba su taɓa kawo wa ransu za su gan ta a wanke tas a kan teburin amarya ba. Kunya nake ji, ita ce gaskiyar magana. Ina ganin in na ce sabara ce daga ƙauyenmu, za a yi min kallon baƙauyiyar da ta kwaso ciyawar daji ta kawo wa manya. Gwaggo ba ta san haka nake yi ba. Takan tambaye ni a waya ko an yaba, in ce an yaba, ta ce to in gaya musu akwai saura.

Ana nan sai aka zo bikin Yasmin, 'yar Alhaji Maikasuwa. Shi Alhajin babban mutum ne a Kazaure, yana da gonaki a wajenmu, kuma Baba ne yake duba masa su fiye da shekara ashirin. Tun daga bakin ƙofar gidansa Baba yake cire takalmi. Saboda haka na zage na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Na sa Gwaggo ta yanko min mafi farin tohon da take da shi. Na jera shi a bayan kujerar amarya, na jera a kan tebura, na haɗa mata damin hannu da jan wardi da tazargade, na kewaye shi da sabara. Duk wadda ta shigo ɗakin taron sai ta ɗaga waya ta ɗauki hoto.

Ranar kamu ce, bayan la'asar. Dangin ango mata suka taso za su fesa wa amarya turare, a gabansu akwai wata tsohuwa, Inna Dela, gwaggon ango, daga wani ƙauye na ƙasar Roni. Ta sunkuya kan Yasmin da kwalbar turare a hannu, sai ta tsaya. Ta tsinki ganye ɗaya daga damin, ta murza shi a yatsa, ta kai hanci.

"Wa ya ba yarinyar nan ganyen jego ta riƙe?"

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma kowa ya ji. Duk macen da ta haura hamsin a ɗakin ta gane abin da ake nufi. Amaryar da ba a kai ɗakinta ba tukuna, a gaban dangin miji, da ganyen wankan haihuwa a hannu, ai kamar an ce ta zo da wani abu ne a jikinta. Dangin ango suka fara kallon juna, ko wani ne yake so ya sanar da su wata magana a fakaice. Dangin amarya kuwa suka ɗauka wani maƙiyi ne ya shirya musu cin mutunci. Ni da na tashi a gidan da ake dafa sabara, ni ya kamata in fara hango wannan. Ban hango ba, saboda na daɗe ina gaya wa mutane ganyen Jos ne har ni ma na fara mantawa.

Uwar amarya, Hajiya Rahamatu, ta sa aka kira ni. Na durƙusa na ce ganyen Jos ne, ranki ya daɗe, kama ce kawai. Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa.

"Haihuwata tara, 'yar nan. Ni za ki gaya wa sabara?"

A nan ne na yi abin da har gobe in na tuna sai na ji kamar in nutse. Na ce wata gwaggona ce a ƙauye take aiko min da shi, ni ban san ko mene ne ba. Haka na faɗa, da bakin nan nawa. Yasmin ta ajiye damin tana kuka, baiwar Allah, ba ta ci ba ba ta sha ba. Aka bi tebur-tebur aka fizge ganyen, aka tara shi a bakin ƙofa tare da shara.

Washegari Alhaji Maikasuwa ya kira Baba a waya. Ba na wurin, amma Innarmu ta ce a tsaye Baba ya amsa kiran, bai ce komai ba sai ranka ya daɗe, ranka ya daɗe, har aka kashe. Da ya zauna ya ce magana ta ƙare, sabarar nan ba za ta ga damina ba. Lokacin sharar gona ne dama. Ya jira ranar kasuwar Babura, da ya san Gwaggo tana bin mijinta can, ya kira gayya. Maza goma sha biyu da adduna suka ɗage ƙyauren langa-langa suka shiga. Kafin azahar babu reshe ɗaya a tsaye. Suka tara rassan a kan kututturai, aka ce a bar su kwana uku su sha rana sannan a sa wuta. Kowane manomi ya san sara ba ya kashe sabara. In kana so ka rabu da ita, sai ka ƙona ta a kan kututturenta.

Innarmu ce ta kira ni ta gaya min. Ranar da za a sa wutar na shiga motar farko daga Kazaure. Ban biya gidanmu ba, gidan Gwaggo na wuce. Na same ta tana ɗaura ɗankwali, Malam Sama'ilu yana zaune a bakin ƙofa yana ta Allah ya kyauta. Na zube a gabanta na gaya mata komai, da ƙaryar Jos ta shekara uku, da abin da na ce a gaban Hajiya Rahamatu. Na so ta zage ni, ko ta ɗaga hannu ta mare ni, da na fi samun sauƙi. Ta gama ɗaurinta a tsanake.

"Ashe shekara uku Jos nake yi wa noma," in ji ta.

Ta ɗauki tabarma da buta ta fita, na bi bayanta kamar an ja ni da igiya.

Muka isa gayaunar. Wurin da yake fari fat ko da rani ya koma rairayi da tsibi-tsibin rassa, ganyen ya fara naɗewa. Akwai wani babban tsibi a tsakiya, a kan tsofaffin kututturan da ta fi ji da su. Gwaggo ta tattare zaninta ta hau kansa, ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye buta a gefe, ta zauna ta miƙe ƙafa. Da hantsi sai ga Baba da mutanen gayya, akwatin ashana a hannunsa. Suka ja suka tsaya a bakin shinge.

"Tasalla, sauko."

"Kunna, Yaya."

Baba ba mutum ne mai ɗaga murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya ce ta kunyata shi a gaban mutumin da ya yi shekara ashirin yana ganin girmansa. Ya ce an ɓata wa yarinya ranar da ba za ta sake samun irinta ba, ya ce shi don alherinta yake yi, ga irin riɗi ya riga ya tanada. Ta ce ta ji, ya kunna. Ya ce ta ji tsoron Allah ta sauko. Ta ce ai a gonarta take zaune, ba ta shiga ta kowa ba. Sai ransa ya ɓaci, ya faɗi abin da ban taɓa jin wani ya faɗa mata a fuska ba.

"Ke ba ki haifa ba, shi ya sa ba ki san zafin a yi wa 'yar mutum irin wannan zato ba."

Mutanen gayya suka sunkuyar da kai. Gwaggo ta dube shi, sannan ta yi magana.

"Gaskiya ka faɗa, Yaya, ban haifa ba. Ruwan jegon nan ban taɓa shigarsa ba ko sau ɗaya. Amma ranar da aka haifi wannan," ta nuna ni da baki, "uwarta kwana uku ba ta san inda kanta yake ba, kai kana Kano cin rani. Shekarata goma sha huɗu. Daga nan inda nake zaune na riƙa ɗaukar sabara a kaina, safe da yamma, kwana arba'in. Haka na yi wa ƙanenta Sabiru, haka na yi wa 'ya'yanka bakwai. A lokacin ba abin kunya ba ce. Sai da ta hau teburin manya ta zama abin kunya?"

Ta ce in an ɓata wa yarinya rai, ita za ta je Kazaure da ƙafarta ta ba uwar haƙuri, don Allah ya sani ba ta nufe su da sharri ba. Amma haƙurin nan ba da gonarta za a ba da shi ba.

Ban san wannan labarin na haihuwata ba sai ranar. Ban san lokacin da na cire takalmi na hau tsibin ba, sai ganina na yi zaune kusa da ita. Daga can sama na gaya wa Baba, a gaban mutane, cewa ni na sa ganyen a hannun amarya, ni na yi ƙaryar Jos, ni na jingina wa Gwaggo laifin da ba nata ba. Na ce in akwai wanda ya kunyata shi, ga ni. Ban taɓa yi wa mahaifina magana ina sama yana ƙasa ba, kuma ba na fatan in sake, amma ranar na yi.

Mutanen gayya suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya tuna bai ba shanunsa ruwa ba, wancan ya ce ana jiransa a Kanya. Baba ya daɗe a tsaye yana juya akwatin ashanar. Can ya sa shi a aljihu, ya ce daga yau ya cire hannunsa, babu ruwansa da ita da gonarta. Gwaggo ta ce ai tun ranar rabo abin da take roƙo ke nan. Ya juya ya tafi bai waiwayo ba. Mu biyu muka yini muna janye rassan daga kan kututturai, muna kai su bakin shinge, har hannuwana suka yi kanta.

Ta cika alkawari, ta je Kazaure. Hajiya Rahamatu a tsaye ta karɓe ta, ta ce ya wuce, ko ruwa ba a kawo mata ba. Gwaggo ta ce ita dai ta sauke nata. Manyan gidaje suka daina kirana a shekarar, kuma ban ga laifinsu ba. Daga lokacin, duk wadda ta zo neman aiki, kafin mu yi nisa nake gaya mata farin ganyen nan sabara ce, daga gayaunar gwaggona Tasalla a ƙasar Babura, kuma ba na sa ta a hannun amarya sai uwarta ta ce in sa. Wasu sukan tashi su tafi, wasu su ce ai ita suka zo nema. Wadda ta tafi Allah ya raka taki gona, ba na bin kowa.

Kai, na manta ban ce ba, wata uku Baba da Gwaggo ba sa magana in ban da gaisuwa. Kututturan kuwa ko ruwan sama ba su jira ba. Kafin mako uku suka fara fitar da toho, da damina ta sauka sai ga shi ya kai ƙugu, fari tas, ya fi na da.

A farkon daminar nan Fatu, matar ƙanena Sabiru, ta haihu. Sabiru yana Fatakwal wajen aiki, don haka hidimar jego ta faɗo kan Baba, itace da ganye duka. Gonakin da ke kewaye da mu kuwa an ƙone an shuka, ɗan tohon da ya fito an bi shi da fartanya. Baba ya ce a yanko darbejiya, ga ta nan a ƙofar gida. Inna ta ce ita ba za ta ɗora tukunya ba sai da sabara, kuma ba za ta aika kowa ba, wanda ya sare shi zai je ya nemo. Kowa ya zuba ido ya ga Gwaggo tafe da dami kamar kullum. Karo na farko a rayuwarta, ba ta zo ba. Ta san an haihu sarai, tun kafin Fatu ta san watanta ita ta sani.

Washegari da sassafe ina gayaunar tare da ita, muna yankan wani aiki da na samu a Gwiwa. Na lura ba ta cika magana ba, kuma idonta yana kan hanya. Rana ta ɗan ɗaga sai ga Baba. Ya tsaya a bakin ƙyauren langa-langa ya yi gyaran murya, ya yi sallama. Gwaggo ta amsa, ta rusuna ta gaishe shi, ta yi masa barka da samun ƙaruwa, ta tambayi mai jego da jariri. Ya ce lafiya lau.

"Me ake nema, Yaya?"

"Ganye."

"Ganye da yawa. Wanne?"

Ya dube ni, na kau da kai. Ya dubi ƙasa.

"Sabara," in ji shi.

Ta miƙa masa laujenta ta saman shinge.

"Shiga ka yanka. Iya gwiwa, kada ka yi min irin na ran nan."

Baba ya shiga, ya naɗe hannun riga, ya sunkuya yana auna kowane reshe da gwiwarsa kafin ya yanka. Ya tara dami ya ɗaure da igiyar rama. Da ya gama ya ɗaga kai yana duban wanda zai ɗauka. Na yunƙura, Gwaggo ta riƙe min zani. Ya ɗan tsaya, sannan ya cire hularsa ya sa a aljihu, ya ɗora damin a ka. Haka ya ratsa tsakiyar gari da shi, ta gaban masallaci, ta gaban mutanen da ya kira gayya, har ƙofar gidanmu.

Gwaggo ta bi shi da kallo har ya sha kwana. Ta goge idonta da bakin mayafi, ta ce min in daina tsayuwa kamar gunki, rana tana yi, ganye zai yi laushi. Sauran kwana talatin da tara ita ta kai, safe da yamma.